Tsakanin Ruga da Kanti: Nasiha ga Matasan Paikon Kore

Madarar da aka tatsa da asuba a rugagen Paikon Kore ba ta da dogon kwana. In ba a dafa ta ba, ba a kuma sanyaya ta ba, kafin azahar zafin Gwagwalada ya gama da ita, kuma duk wanda ya taɓa yin bazara a Gwagwalada ya san irin zafin da nake nufi. Amma tafiyar awa guda da ɗan wani abu a mota, a kantunan Wuse da Garki da Maitama, ana sayar da yogot mai sanyi a roba, mafi yawansa da garin madarar da aka yo oda daga ƙasashen waje aka haɗa shi. Ƙasa mai miliyoyin shanu tana kashe sama da dala biliyan ɗaya duk shekara wajen shigo da madara. Ƙannena maza da mata, a kan wannan tazara ta tsakanin ruga da kanti, da ta tsakanin gona da tukunyar mutanen birni, nake son mu yi magana. A nan kuɗin garinku yake zubewa, a nan kuma sana'arku take.

Ku fara duba inda Allah Ya ajiye ku. Lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi wannan yanki ya zama babban birnin tarayya a 1976, mutanen ƙasar Gwagwalada, Gbagyi da Bassa da Fulani da Hausawa da sauransu, abin da za su ci suke nomawa, rarar ce ke zuwa kasuwa. Gwamnati ta taso daga Legas a Disamban 1991, jama'a suka biyo ta, yau miliyoyin mutane ke karin kumallo a Abuja da kewayenta, kuma ƙalilan ne cikinsu suka noma abin da suke ci. Jami'ar Abuja na nan kusa da ku da dubban ɗalibai, ga asibitin koyarwa na Gwagwalada, ga babbar hanyar Lokoja da mota ba ta yankewa a kanta dare da rana, ga kasuwar kayan marmari ta Zuba, ga karar Dei-Dei. Manomin Yobe ko na Zamfara sai ya biya kuɗin motar ɗaruruwan kilomita kafin kayansa su iso inda kuke iya kai naku a bayan babur. Ga kuma makiyayar da gwamnati ta keɓe a Paikon Kore, mai faɗin kimanin hekta 8,500, ɗaya daga cikin huɗu da ke yankin Abuja, sauran su ne Kawu da Karshi da Rubochi. Manomi da makiyayi da mai saye duk a wuri guda. Ba kowane gari ne ya dace da haka ba.

To me ya sa saurayin da ya gama sakandare a garinku babban burinsa ya sami babur ya shiga acaɓa a Gwagwalada ko Zuba? Ni ba na ce masa malalaci. Ya tashi yana ganin mahaifinsa a duƙe a gona, ya ga an cika rumbu da kaka, ya kuma ga an fita neman bashin kuɗin taki da bazara. Yaro ba wawa ba ne. Abin da bai gano ba shi ne dalili. Mahaifinsa gwani ne a noma, amma ba shi yake sa wa kayansa farashi ba, sa masa ake yi, domin shi kansa bai san nawa buhun ya ci masa ba.

Don haka kafin mu yi maganar jari, mu yi maganar littafi. Littafin rubutu na ɗan firamare ya isa, da biro. Ka rubuta kuɗin hayar gona in ta haya ce, in kuma ta gado ce ka rubuta abin da za a ba ka da ka bayar da ita haya. Ka rubuta huɗa, da iri, da taki, da maganin feshi, da 'yan ƙwadago, da abincin da aka dafa musu, da buhunan zubawa, da zaren ɗinki, da ɗan dako, da kuɗin mota, da la'adar dillali, da ɗan abin da ake miƙawa a shingayen hanya, wanda kowa ya san da shi ba a dai faɗa. Sannan ka rubuta abin da kusan kowa ke mantawa da shi: guminka, da na ƙannenka, da na mahaifiyarka da ta wuni tana sheƙe hatsi a rana. Ka yi musu kuɗin da za ka biya bare. In ka tara ka raba da yawan buhunan da ka samu, ka san abin da buhu ɗaya ya ci. Daga ranar, in mai saye ya taya, ka san inda za ka ce albarka da inda za ka ce na sallama. Wasu daga cikinku za su tarar masarar da suke alfahari da ita ce ke cinye ribar doyarsu. Ba daɗin gani, amma gara littafi ya gaya maka tun kana da ƙarfin canzawa.

Yanzu mu koma kan madara, tunda a kanta ne sunan garinku ya shiga jaridu. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya matsa wa kamfanonin da ke shigo da madara lamba, ya ce wanda ke son dala a hannun gwamnati sai ya zuba jari a kiwon cikin gida, a farkon 2020 kuma ya taƙaita ba da dalar ga kamfanoni shida. An ɗage wannan takunkumi a 2024, amma ya bar baya da kyau a wasu wurare. Cikin wancan yanayi ne kamfanin Nestlé ya shigo makiyayar Paikon Kore, a 2021 aka buɗe cibiyar tattara madara da sanyaya ta, daga baya aka ƙara da gonar gwaji ta koyar da kiwo. Ba a nan aka fara irin wannan ba. Masu madarar Peak sun daɗe suna karɓar madara a hannun Fulanin Fashola da Iseyin a jihar Oyo, kamfanin L&Z na yin haka a Kano, Arla ta kafa gona a Damau ta jihar Kaduna. A 2024 kuma aka kafa wa kiwo ma'aikatarsa ta tarayya, mai zaman kanta.

Duk inda ake karɓar madara irin wannan, ba a zuba ta a tanki sai an gwada. Mai karɓa zai buɗe gwangwani ya sansana. Zai tsoma wani ɗan ma'auni na gilashi mai yawo a kan madara, wanda ke ƙara nutsewa in an surka ta da ruwa. Zai ɗebi kaɗan ya haɗa da sinadarin gwaji ya girgiza, in ta yi gudaji-gudaji to ta fara tsami ko saniyar na ciwon nono, sai a mayar maka da abarka. Wadda ta tsallake ita ake aunawa, a rubuta, a zuba a tankin da ke saukar da zafinta zuwa wajen digiri 4. Duk wannan dole a gama shi cikin awa biyu zuwa uku da tatsa. Matar da rugarsu ke da nisan kilomita goma ba za ta iya wannan tseren da ƙafa ba, da ƙwarya a ka da goyo a baya. Nan ne gurbin saurayi mai babur.

Amma ba kowane mai babur ba. Wanda zai yi wannan aiki sai ya rabu da jarkar roba ta man gyaɗa, domin bakinta ƙarami ne, hannu ba ya shiga, dattin jiya na maƙale a lungunanta yana jiran madarar yau. Gwangwanin ƙarfe marar tsatsa mai faɗin baki ake nema, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu da zarar an juye, a kife shi ya bushe a rana. Sai ya koyi gwajin da kansa, ya gwada madarar kowace mata tun a ruga kafin ya haɗa ta da ta sauran, don kofi ɗaya da ya lalace ya isa ya jawo a ƙi gwangwani sukutum, asarar ta hau kan mata goma da ba su ji ba ba su gani ba. Sai ya riƙe littafi, sunan kowa da awonta na kowace safiya. Sai kuma ya iya kallon matar da ta haife shi a shekaru ya ce mata, «Inna, ki yi haƙuri, ta yau ba za ta shiga ba.» Wannan ya fi tuƙa babur a laka wuya.

Akwai kuma maganar allura. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, madararta ba ta shiga kasuwa sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Ragowar maganin na hana kindirmo kamawa, yana kuma cutar da yaran da za su sha. Mai saniya ya sani, kai ma ka sani, mai saye ne kaɗai bai sani ba, sai ranar da ya gano, kuma daga ranar ya gama da kai.

Sai dai babbar matsalar madara a ƙasarmu ba ta ɗauka ba ce, ta samuwa ce. Farar saniyarmu Bunaji, in ɗan maraƙi ya sha nasa, abin da ake samu bai fi lita ɗaya ko biyu a rana ba, shi ma da damina. Da rani hantsa ta kan ƙafe, shanu su yi kudu neman ɗanyar ciyawa, tankin sanyi ya zauna rabi. Da yawa na jin cewa maganin abin shi ne a sayo saniyar Turai mai ba da lita ashirin. Ina roƙonku kada ku fara da nan. Saniyar Turai ko ruwa biyu ba ta jure zafi da kaska da sammore yadda Bunaji ke jurewa, kuma lita ashirin ɗin ba daga iska take kawo ta ba, daga cikinta take fitowa. Wanda ya saye ta bai tanadi abinci da ruwa da inuwa da likita ba ya sayi gawa da tsada.

Ku yi lissafin da kanku. Saniya mai nauyin kilo 300 tana bukatar busasshen abinci kusan kilo 8 a rana. Rani a yankinku, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris, kwana 150 ne ko kusa da haka. Ke nan saniya ɗaya na cin fiye da tan ɗaya kafin ruwa ya sauka. Garke mai shanu talatin fa? Rugage nawa ne a makiyayar? Wa ke sayar musu da wannan abinci? Ga ruwa kuma: kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne, saniyar da ke shan ruwa sau ɗaya a yini bayan doguwar tafiya ba ta da abin da za ta ba ka.

Wannan ita ce sana'ar da nake ganin ta fi kowace buɗewa ga ɗan manomi a Paikon Kore, kuma ita ce aka fi rainawa. Duk shekara ana cinna wa karan masara da na dawa da bambaron shinkafa wuta a gonaki don share fili, ana barin harawar gyaɗa da ta wake ruwan ƙarshen damina ya ruɓar da su. Ku je Kano ko Katsina ku gani, can harawa dukiya ce, ana ɗaure ta dami-dami a ɗora a kan soro ko a rassan bishiya, a fito da ita lokacin da masu kiwon ragon layya ke neman ta ido rufe. Ku ruwanku ya fi nasu daɗewa, don haka sai da rumfa mai rufi da dandamali da zai raba ta da ƙasa. Ciyawar da za a adana kuwa ba wadda ta tsufa ta bushe a tsaye ake yanka ba, wannan ta zama tsinke, amfaninta ya tafi. Ana yanka ta tana shirin fure, a baza ta kwana biyu ko uku ana juyawa, a kwashe tun tana da sauran kore a jikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya: abin da za ka sayar a tsakiyar rani, a ƙarshen damina ake haɗa shi.

Akwai kuma adana ɗanyen abinci a rami, wanda manyan gonakin kiwo ke yi. A yanke masara da karanta da ganyenta lokacin da ƙwayar ta fara tauri amma ba ta bushe ba, a daddatsa ƙanana, a zuba a rami ko a durom, a tattake sosai har iska ta fita, a rufe da leda mai kauri, a danne da ƙasa. Bayan mako uku zuwa wata guda ya nuna, yana ƙamshin tsami mai daɗi, kuma in iska ba ta shiga ba zai yi watanni. Sirrin duka a tattakewa da rufewa yake, rami mai huda ɗaya ruɓa yake yi. Wanda ke son ya koya da kyau, cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana aiki a kan ciyawar kiwo, Jami'ar Abuja da ke maƙwabtaka da ku ma tana da tsangayar noma da ta likitancin dabbobi. Ku je ku yi sallama ku tambaya. Malaman jami'a sun fi yadda kuke zato son ganin manomi a ƙofar ofishinsu.

Wannan ciniki ba sabo ba ne, tsohon zumunci ne da aka bari ya mutu. A da, in an gama girbi, manomi ne ke zuwa ya roƙi Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya ƙara masa da damin dawa. Takin zamani ya zo, fili ya ƙuntata, burtali ya toshe, tsoro ya shiga tsakani, yau abin da ya rage shi ne shanu sun shiga gona, a tafi wurin mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Ba zan yaudare ku in ce sayar da harawa zai kashe wannan wuta ba, tushenta ya fi haka zurfi. Amma na lura mutum ba ya saurin zare wa abokin cinikinsa adda. Ɗan manomin da Arɗo ke da lambar wayarsa saboda dusa da harawa, in ɓarna ta faru, waya za a fara bugawa.

Ina da magana ta musamman da ku 'yan mata, da ku samarin da za ku zama mazajensu. A al'adar Fulani saniya ko da ta maigida ce, nono na mace ne. Ita ke kaɗa shi ta fid da man shanu, ita ke dama fura, ita ke ɗaukar ƙwarya ta shiga gari, kuɗin da ta samo kuma nata ne, da shi take sayen gishiri da maggi da sabulu da kayan ɗakin 'yarta. To in kamfani ya zo yana biya ta banki, kuma maigida ne mai waya da asusu, sai a wayi gari madara ta yi daraja amma mai ita ta talauce. Wannan ba ci gaba ba ne, ƙwace ne da ba a kira shi da sunansa ba. Yarinyar da ta yi makaranta ta iya rubutu da lissafi, ga aikinki: ki taimaki iyayenki mata su buɗe asusu da sunansu, ki riƙe musu littafin awo, ki zauna a inda ake yanke farashi. Kuma kada ku raina ƙwaryar gargajiya. Lita ɗaya da aka mayar kindirmo aka haɗa da fura aka sayar a ludayi sau da yawa ta fi wadda aka sayar ɗanya kawo kuɗi, sai dai tana cin wuni guda da tafiyar ƙafa. Wadda ta dafa madararta da kyau, ta zuba a roba mai murfi mai tsabta, ta sami firji mai aiki da hasken rana ko da na haɗin gwiwa ne, ɗaliban jami'a kaɗai sun ishe ta kasuwa.

Wannan ya kawo ni kan haɗarin mai saye ɗaya. Kamfani ba maƙiyinku ba ne, ya kawo tanki da horo da kasuwar da ba ta yankewa, a gode masa. Amma kamfani ɗan kasuwa ne, duk ɗan kasuwar da ya san ba ka da wani wurin kai kayanka shi zai yanke farashi, ko wane ne shi. Manoman gundumar Kaira a jihar Gujarat ta Indiya sun ɗanɗana wannan. Kamfani ɗaya ne ke da ikon sayen madararsu yana kai wa birnin Bombay, 'yan tsakiya na biyansu abin da suka ga dama. A 1946 suka yi yajin kai madara, suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa a garin Anand ƙarƙashin Tribhuvandas Patel, suka fara da ƙauyuka biyu da madarar da ba ta wuce lita 250 a rana ba. Wani matashin injiniya, Verghese Kurien, ya iso garin a 1949 ya zauna tare da su. Ita ce Amul ta yau. A 1970 aka ɗauki tsarinsu aka baza a faɗin ƙasar, kafin shekara ta 2000 Indiya ta wuce Amurka ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara, kuma akasarin masu kawo ta masu saniya ko ɓauna biyu ne zuwa uku. Abin da ya riƙe su ba wani abin mamaki ba ne: ana gwada madarar kowa a gabansa, ana biyansa gwargwadon maiƙonta ba tare da jan rai ba, tanki da masana'anta kuma na manoman ne.

Mu kuwa mun saba da wata irin ƙungiya. A ji gwamnati za ta raba bashi, a tara sunaye cikin dare, a zaɓi ciyaman da sakatare, a buga hatimi, kuɗi su fito a raba, ƙungiya ta watse. Shirin ba manoma bashi na Babban Banki da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma kaso mai yawa bai dawo ba, domin mutane da dama sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa. Wasu ambaliya ce ta cinye su, gaskiya ne, wasu kuwa amarya suka ƙara. Sakamakon ya faɗa kanku: yau in matashi ya shiga banki ya ce shi manomi ne, kallon da ake masa daban ne. Ƙungiyar da za ta amfane ku ita ce wadda ta fara da aiki kafin ta nemi kuɗin kowa. Mutum bakwai ko goma da suka san juna, su yi adashi su sayi injin daddatsa kara ɗaya, ko su haɗa kayansu su ɗauki mota ɗaya maimakon kowa ya yi shatar tasa. Kuɗi su zauna a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. In kun shekara biyu a haka, littafinku ne zai yi muku magana a banki.

Masu hatsi za su ce to mu fa, ai sana'armu a bayyane take, a saya da kaka a ajiye a sayar da bazara. Haka ne a yawancin shekaru, ba a duka ba. Waɗanda suka cika ɗakunan ajiya da masara a ƙarshen 2024 da tsada sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025, bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. Kada ka ci bashi mai ruwa don ka yi ajiya, kada kuma ka zuba duk jarinka a hatsi iri ɗaya. In za ka ajiye, ka busar da kyau, ka yi amfani da buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Ka rabu da zuba fiya-fiya a wake. Saboda ragowar irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu ƙasashenta a 2015, kuma wanda ba a kai Turai ba ai mu muke cinye shi.

Rogo shi ma ɗan uwan madara ne wajen gajen haƙuri, kwana biyu zuwa uku da tonowa ya fara baƙi. Shi ya sa mai tonowa ke sayarwa ko nawa aka taya, mai mayar da shi gari ko alabo kuwa ya jira kasuwa. Ɓawonsa in an busar abincin dabba ne. Wanda kasuwarsa ta kai ga ƙulla kaya a leda da suna, ya yi rajistar sunan kasuwancinsa a hukumar rajistar kamfanoni, ya nemi lambar NAFDAC, don manyan kantunan cikin Abuja ba sa ɗora kaya a kanta ba tare da ita ba.

Wani abu kuma da ba a koyarwa a taron bita: a ƙauye ba kasuwa ce ta fi kashe jari ba, gida ne. Ranar da aka ga ka fara juya kuɗi, kawu zai aiko, gwaggo za ta yi suna, abokin da kuka yi acaɓa tare zai zo ya ɗauki buhu biyu «zuwa ranar kasuwa». Ba na ce ka zama marowaci ba, zumunci wajibi ne, kuma ranar da ka faɗi su ne za su ɗaga ka. Amma ka yanka wa kanka albashi daga ribar, ka yi alheri daga cikinsa, jari kuwa ka ɗauka na wani ne aka ba ka amana. Haka gonar gado. Birni na matsowa, masu gina rukunin gidaje na yawo da kuɗi a jaka, kuɗin da za su ba ka zai yi maka yawa a ido ranar farko. Babur na tsufa cikin 'yan shekaru, fili kusa da Abuja kuwa kullum daraja yake ƙarawa.

Akwai abin da ba naku ba ne. Tsaron da zai sa mutum ya kwana a gona ko a ruga ba tare da fargabar masu garkuwa da mutane ba, da wutar lantarki, da madatsun ruwa a makiyaya, da hana a yanka filin makiyayar a sayar, da allurar rigakafin dabbobi a kan kari, duk haƙƙinku ne a kan gwamnati, ku neme shi da babbar murya a wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ministan Abuja. Titin da aka shimfiɗa daga Paikon Kore zuwa Ibwa ya nuna in an matsa ana samu. Sai dai a nema ana aiki, kada a zauna jira.

Kai kuma da ka riga ka sayi babur, ban ce ka sayar ba. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja, ku kuka yi yawa a garuruwan gefe kuna rububin fasinja ɗaya, ga man fetur da ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Daga sallar asuba zuwa hantsi babur ɗinka na iya ɗaukar madarar rugage biyar a kan kuɗin da kuka yi yarjejeniya a kowace lita, a hanyar komawa ka ɗauko musu dusa da gishirin lasa da saƙon magani, kada ka koma wayam. In rana ta ɗaga ka koma tasha ka ɗauki fasinjanka. Ka rubuta kuɗin mai da na gyara da abin da kowane ɓangare ya kawo, bayan wata uku ka duba wanne ne yake ciyar da wanne.